Goron da Suka Mayar Yana Ɗakina

Zuwa ga Goggo Yelwa,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa takardata a layi, domin kwana goma sha biyu kacal suka rage mini. Ni ba mutum ne mai kai kuka ba. Duk wanda ya san ni a garin nan, in aka ce masa ni na rubuto miki, rantsuwa zai yi ƙarya ake mini. Shi ya sa ban sa sunana ba, sunayen da za ki gani a ciki ma duk na sauya su. Abin ne ya ishe ni, na waiga ko'ina ban ga wanda zan faɗa wa ba.

Bari ki fara sanin mai maganar, kada ki ɗauka wani tsoho ne da aiki ya fi ƙarfinsa yake neman a tausaya masa. Na shigo Abuja shekara biyu kafin gwamnati ta taso daga Legas, da jakar leda ɗaya da takardar gama sakandare wadda ni kaina ba na son kallonta. Ba ni da kawu a ma'aikata, ba ni da wanda ya tsaya mini. Lebura na fara, ina jan sarƙar awo a bayan safiyo, ina kafa turaku a daji. Ranar da kujerar mulki ta dawo garin nan, ana ta biki, ni ina cikin ciyawa a bayan Garki ina cire ƙaya daga wando. Daga nan manya suka yi ta kwararowa, kowa yana neman fili, kowa da taswira a hannu, amma babu wanda ya san ƙasar. Ni da tafin ƙafata na san ta. Na san inda rafi yake juyawa da damina, na san dutsen da ba a hawa, na san gidan da ake fara gaisarwa a kowane ƙauye.

Marigayi Alhaji Badamasi, safiyon da nake bi, shi ya fara lura. Ya ga duk ƙauyen da na riga shiga, turakunmu suna kwana inda muka kafa su. Inda aka tura masu digiri kuwa, kafin mu koma an tumɓuke su an yi girki da su. Da ya buɗe kamfaninsa na ba da shawara ga masu gina rukunin gidaje da kasuwanni, sai ya ce in ajiye sarƙa in zo in zauna kusa da shi. Aikina ba wani asiri ba ne, haƙuri ne kawai. Ba na shiga ƙauye da takarda. Zuwan farko gaisuwa ce zalla, in sha ruwansu in tafi. Na biyu in tambayi doya da lafiyar tsofaffi. Sai a na uku ko na huɗu maganar fili take fitowa, kuma galibi su suke fito da ita. Dattawan Gbagyin da na yi hulɗa da su ba sa kallon idon baƙo su ce masa a'a. Sai in ka iya kallo: wa ya zo taron, wa ya aiko ɗansa, wa ya zauna ya ba ka gefe. Da wannan kallon na gina gidana a Garki, na aurar da 'ya'ya uku, na sauke farali. Ko bulo ɗaya babu wanda ya ba ni.

Alhaji ya rasu shekara shida ke nan. 'Yarsa Kauthar ce ta karɓi kamfanin. Yarinyar nan ranar sunanta ni na riƙe ƙafar ragon. Ta yi karatu mai zurfi, tana da tarbiyya, Baba take kirana, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ta cika ofis da samari masu kwamfuta, babbansu wani Fu'ad. Suna da ɗan jirgin nan marar matuƙi da yake tashi ya ɗauko hoton fili, suna da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wanda za ka zuba masa hotuna da takardu ya haɗa maka rahoto kafin shayinka ya huce. Aikin da nake yi a wata biyu, su a kwana huɗu suke cewa sun gama. Teburina kuwa sau uku ana matsar da shi. Da yana jikin ofishin Alhaji, ya koma babban ɗaki, yanzu yana bakin ƙofa kusa da injin kwafi. Baƙo in ya shigo, ni yake fara tambaya ina banɗaki.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ce. Na'urar nan ba wawiya ba ce. Bara waccan, a wani fili can hanyar Uke, ta ce ruwa zai ci gefen gabas. Na ce ƙarya ne, shekara ashirin na san wurin, ruwa bai taɓa kwana a nan ba. Damina ta zo, ruwa ya ci, saboda gine-ginen da aka yi a sama sun karkatar da shi, ni kuma ban sani ba. Babu wanda ya goranta mini. Da ma sun goranta, da ya fi mini sauƙi. Tun ranar nake auna maganata kafin in buɗe baki a mitin, yawanci ma in fasa buɗewa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wata ƙungiyar ma'aikata ta samu fili a gaba da Dei-Dei, za ta gina wa membobinta gidaje, ta ba mu aikin duba wurin da tuntuɓar ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi. Ƙauyen na san shi tun ina jan sarƙa. Su Fu'ad suka aika tambayoyi ta waya, matasa suka amsa. Aka sa ranar taro guda ɗaya, muka je da goro ƙwarya biyu a ƙunshe cikin ganye, kamar yadda na ce a yi, wannan kam sun ji maganata. Aka nuna taswira, aka nuna inda katanga za ta bi. Dattawa suka yi godiya, suka sa albarka, aka yi hotuna, kowa yana murmushi. Aka naɗi duk abin da aka faɗa aka ba na'ura, ta ce babu wanda ya nuna ƙin yarda. Kuma gaskiyarta, babu wanda ya faɗa da baki.

Ni abu ɗaya nake kallo tun da muka zauna: ƙunshin goron. A ƙauyen nan, in sun yarda da abin da ka zo da shi, babban dattijo zai kwance ƙunshin a gabanka, ya fasa ɗaya, ya ci, ya miƙa maka ɓari, sannan a rarraba. Ranar nan an karɓa da hannu biyu, an ajiye a gindin bishiya. Har muka shiga mota igiyar tana ɗaure. A hanya na ce wa Kauthar a ɗan dakata da rahoton ko mako guda. Ta juyo ta tambaye ni dalili, cikin ladabi. Fu'ad yana gaba, ya sa kunne. Sai na tuna ruwan Uke, na hango yadda za su kalli juna in na ce ai ba a kwance goro ba. Na ce mata haka dai na ji a jikina. Ta ce Baba, masu aikin suna jira, ba za ta iya rubuta musu jin jiki ba. Na bar maganar a nan.

Washegari aka gabatar da rahoto a gaban shugabannin ƙungiyar. Ɗaya daga cikinsu ya hango ni a ƙarshen tebur ya tambaya wane ne dattijon. Fu'ad ya ce ai oga, wannan shi ne gidan tarihin kamfaninmu, ba a taɓawa, kallo kawai ake yi. Ɗakin ya ɗauki dariya. Na dubi Kauthar. Ba ta yi dariya da sauti ba, amma ta sunkuyar da kai tana murmushi, ba ta tsawatar masa ba. Goggo, an zage ni a rayuwa, an kore ni da kare daga ƙofar wani babba ina matashi, duk bai taɓa ni kamar murmushin nan ba. Ni ma na yi dariyar, don kada a ce na ji haushi.

Bayan mako guda, ranar Lahadi da hantsi, aka buga mini ƙofa. Yamusa ne, ɗaya daga cikin dattawan ƙauyen, abokina na shekara talatin. Ya haura saba'in, amma ya hau mota biyu da babur ya zo har Garki, ƙunshin goron nan a kafaɗarsa, igiyar yadda muka ɗaure ta. Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya tambayi gwiwata, ya tsokane ni da Hausarsa wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, wai Bahaushe tun rasuwar matarka har yanzu babu wanda ya tausaya ya aure ka, ko sai na kawo maka daga ƙauye. Muka yi dariya. Sai da ya huta sannan ya turo ƙunshin gabana ya faɗi abin da ya kawo shi.

Katangar da aka zana za ta datse hanyar da suke bi da gawa. Maƙabartarsu tana gindin dutse a bayan filin, kuma hanya ɗaya tak ake bi da mamaci zuwa can tun kakanni. Yamusa Kirista ne, ƙanensa limami ne, baffansu har ya mutu gargajiya yake bi, amma kowannensu ta hanyar nan za a ɗauke shi. Ba a nome ta, ba a share ta, babu mai bin ta sai ranar mutuwa, saboda haka ciyawa ta rufe ta ruf. Jirgin Fu'ad ko sau ɗari zai tashi, ciyawa zai gani. Matasan da suka amsa tambayoyi ta waya ba a tambaye su wannan ba. Dattawa kuma a al'adarsu ba a maganar hanyar gawa a taron baƙi, ba a nuna ta da yatsa. Ba filin suke ƙi ba. Taku goma sha biyu suke so a bar musu tsakanin katanga da rafi. Ya ce ba su kai ofis ba don ba su san Kauthar ba, ni suka sani. Ya ƙara da cewa yayansa, mai shekara casa'in, ya kwanta, ko kunu ba ya wucewa. Da zai tafi ya kama hannuna ya ce sun ba ni saƙo, su kam sun huta.

Mutumin nan, Goggo, ranar da aka binne matata Fadima, shekara huɗu da suka wuce, ya zo ya tsaya a rana a bakin maƙabarta tun daga farko har aka watse. Ma'aikatan ofishinmu saƙon waya suka turo.

Yau kwana goma goron yana ɗakina. Na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen algarara, safe da yamma ina yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Kullum ina zuwa ofis, in zauna kusa da injin kwafi, in ga ana shirin kai katafila da bulo ranar Litinin ta sama, ban isar da saƙon ba. Ba zan ɓoye miki abin da ke zuciyata ba. So nake katangar ta tashi. So nake a yi rasuwa a ƙauyen, matasa su taso da guduma, aiki ya tsaya, masu ƙungiya su cika ofis da ihu, a tambayi na'ura ta rasa ta cewa. Sannan wayata ta yi ƙara, in ga sunan Kauthar, in bari ta yi ƙara sau uku kafin in ɗauka, in ji ta ce Baba ka taimaka. Har na tsara yadda zan shiga ɗakin mitin ɗin da rigar da zan sa. Na san mummunan tunani ne. Ina sallah ina istigfari, ina sallamewa ya dawo.

Wani lokaci kuma in ce wa kaina, to in na faɗa musu yanzu fa? Za su gyara layi a kwamfuta cikin minti biyar, Fu'ad ya rubuta a rahoto cewa bincike ya gano, a ci gaba kamar ba a yi ba. Gobe a koya wa na'ura ta riƙa tambayar hanyar gawa, shi ke nan, ɗan abin da ya rage a hannuna ma na miƙa. In ba su ƙone ba, yaushe za su san me nake yi musu shekara da shekaru?

Wa zan tambaya? Maƙwabtana na da duk sun yi ritaya sun koma garuruwansu, waɗanda suka shigo ban san sunansu ba. Bishiyar da muke majalisa a Area 1 an sare ta an yi wurin wankin mota. 'Ya'yana suna kira ranar Juma'a, minti uku, lafiya lau nake ce musu, domin ban saba musu da ganin uban da ya gaza ba. Abincin rana a shagon Justina nake ci, ita ce kaɗai take lura in ban cinye ba. Ki ji abin kunya: babbar 'yata ta sa mini irin na'urar nan a waya, kuma na tsinci kaina ina hira da ita bayan la'asar, don a samu mai amsa mini. Shekaranjiya na ba ta wannan labarin. Cikin ladabi ta ce in sanar da shugabata tun da wuri. Na kife wayar. Ba abin da ya kore ni daga kujerata ne zai koya mini mutunci ba. Mutum nake so ya faɗa mini, mai jini a jika, wanda ya san ciwon a yi dariyarka a gaban baƙi.

Shin in na yi shiru na ci amana, alhali na yi magana a mota aka ƙi ji? Shin mai irin sanina yana da sauran wuri a aikin nan, ko in tattara in koma garin da na bari shekara talatin da wani abu, inda ko kabarin mahaifina sai an nuna mini? Ki faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Naki,
Tsohon Mai Jan Sarƙa, Garki

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Mai Jan Sarƙa. Na tsallake takardu da yawa na ɗauko taka saboda kwanakin da ka ambata. Ka ce za ka iya ɗaukar gaskiya, to zan riƙe ka a kan maganarka.

Da farko, an yi maka ba daidai ba. Abin da Fu'ad ya faɗa rashin kunya ne, ko da wasa ya nufa, kuma ya kamata Kauthar ta tsawatar masa a take. Mutumin da ya kafa kamfani tare da mahaifinta ba a ajiye shi a bakin ƙofa. Ciwon da kake ji na gaske ne, ba zan ce ka manta da shi ba. Sanin da kake da shi ma na gaske ne. Mutum nawa ne a motar nan, da digirinsu da jirginsu? Kai kaɗai ka ga igiyar da ba a kwance ba. Wannan ya amsa tambayarka ta biyu tun kafin ka yi ta.

Amma ka sake karanta takardarka. Ka ce ka yi magana a mota aka ƙi ji. Ba haka aka yi ba. Ta tambaye ka dalili, kana da dalili a hannu, ka ɓoye shi ka ba ta jin jiki. Ita kuma akwai mutanen da za ta yi wa bayani, ba ta da abin da za ta kai musu. Tsoron dariya ne ya rufe maka baki, kuma na fahimta, ruwan Uke ya tsorata ka. Sai dai kuskure ɗaya a shekara talatin bai kai a ce mutum ya daina magana ba. Na'ura ta ga ruwan da ba ka gani ba, kai ka ga goron da ba ta gani ba. Kamfanin da yake da ku biyu ya yi sa'a, in dai kowa zai faɗi abin da ya gani.

Goron nan ba naka ba ne, Malam. Saƙo ne, kai kuma ɗan aike ne. Yamusa bai hau mota biyu da babur don ya ba ka makamin rama gayya ba. Ka tsaya ka kalli ranar da kake fata, amma daga ƙauyen, ba daga ɗakin mitin ba. Mutane ɗauke da gawar ɗan shekara casa'in, sun iso, sun tarar da bulo. Matasa sun fasa katanga, an kira 'yan sanda, an kwashe 'ya'yan mutane. Ƙananan ma'aikatan da suka ɗora burinsu a kan gidajen nan sun shiga rigimar da ba su san tushenta ba. Fu'ad fa? Zai ji kunya na mako guda, ya samu wani aikin. Duk wanda zai ƙone a wannan wuta bai yi maka dariya ba.

Kiran da kake jira kuma zai zo, amma ba yadda ka tsara ba. Kauthar za ta je ƙauyen, Yamusa zai ce mata ai tun ranar kaza muka kai wa Babanku. Tambayar da za ta yi maka a waya ita ce, tun yaushe ka sani? Daga ranar ka rasa ta. Ka rasa Yamusa ma, mutum ɗaya da har yanzu yake buga maka ƙofa ya tsokane ka. Abin da ka fi na'ura da shi bai tsaya a iya kallo ba. Dattawan ƙauye guda sun yarda su ɗora maka abin da ba sa faɗa wa baƙo, su koma gida su yi barci. Ba a kai wa kwamfuta goro. In ka riƙe saƙon nan har katanga ta tashi, da hannunka ka zubar da abin, ba Fu'ad ba.

Ga abin da za ka yi. Gobe da safe ka ɗauki ƙunshin yadda yake, ka shiga wurin Kauthar ita kaɗai, ka rufe ƙofa, ka ajiye mata a tebur. Ka bayyana mata ma'anar igiyar, da hanyar, da taku goma sha biyun, da dattijon da ke kwance. Ka faɗi ranar da aka kawo maka, kada ka rage ko kwana ɗaya, ka ce ka yi kuskuren jinkiri. Zai yi ɗaci, amma gara ta ji daga bakinka. Kada ka haɗa da maganar gidan tarihi a wannan zama, don kada saƙon mutane ya zama ciniki. Wannan ka ware mata rana daban bayan an gyara layin, ka faɗa mata kai tsaye cewa murmushinta ya yi maka ciwo, kuma teburinka ba a nan ya dace ba. Yarinyar da take kiranka Baba, ina kyautata zaton ba ta san zurfin abin ba, domin kai ma dariya ka yi.

Daga ofis ka wuce ƙauyen ka duba marar lafiya, wannan ko babu aiki hakki ne a kanka. Ka tambayi Yamusa yadda za a sa hanyar a taswira ba tare da an keta al'adarsu ba, su za su faɗa maka. In sun yarda, zuwa na gaba ka tafi da Fu'ad, ya bar kwamfutarsa a mota, ya zauna a tabarma ya sha ruwa. Kana tsoron in ka koyar ka ƙare. To shekara talatin kana riƙe da sanin nan a kanka kai kaɗai, ina ya kai ka? Bakin ƙofa. Za a iya koya wa na'ura ta tambayi hanyar gawa, amma a ƙauye na gaba ba hanyar gawa ba ce, wani abu ne daban da ba a faɗa, kuma sai an samu wanda zai zauna har a faɗa masa. In samarin nan ba su koya daga gare ka ba, babu inda za su koya.

Batun komawa gida, kada ka yanke shi cikin fushi. Amma kaɗaicin nan ka daina ɓoye shi. Ranar Juma'a in babbar 'yarka ta kira, kada ka ce lafiya lau. Ka ce mata gidan ya yi maka girma tun rasuwar mahaifiyarta. Ba gazawa ba ce, kuma za ka yi mamakin abin da take jira ta ji. Masu irin kujerar Kauthar da ke karanta wannan fili kuma, ku duba wa kuka ajiye kusa da injin kwafi, ku tambaye shi dalili sau biyu.

Ka ce ba ka son jin wannan daga na'ura, mutum kake so. To ga shi ka ji daga tsohuwar da ita ma an taɓa yi wa dariya a gaban baƙi. Kuma ina ganin ka riga ka yanke hukunci tun kafin ka rubuto. Wanda yake son katanga ta tashi da gaske ba ya tashi safe da yamma yana yayyafa wa goro ruwa. Ka kai shi tun yana ɗanye, a mayar da shi gindin bishiyar nan, a kwance igiyar a gabanka.

Allah ya ji ƙan Fadima, ya ba yayan Yamusa sauƙi, ya sanyaya maka zuciya, ya sa a miƙo maka ɓarin farko.

Goggo Yelwa